Mai Riƙe Gicciye Ya Bar Mama a Ɗaki

Ƙanena,

“Yaya, tafi abinki, ko da goyo ne zan kai Mama coci duk Lahadi.” Da bakinka ka faɗa.

Ya iyali, ya ƙafafun Mama? Ni lafiya lau, sai ciwon baya, don tsofaffin wasu nake ɗagawa a nan.

Na ga hotonka cikin farar riga, riƙe da gicciye gaban jama'a. Sannu, waliyyi! Mama kuwa tun bara tana ɗaki, tana waƙoƙin sujada ita kaɗai. Yesu ya ɗauki nasa jina-jina saboda marasa ƙarfi irinta. Kai naka na hoto ne.

Lahadin nan ka kai ta. In ka ƙi, Litinin zan kira Fasto ya turo matasa su goya uwarka, kana gaba da katakonka.

Allah ya shirye ka.

Yayarka