Ruwan da Baba Yake Kawowa Gida

Whyalla, 9 ga Maris, 1984

Yayana Clarrie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Beryl da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan ƙalau, sai zafi.

Na san ka ce kada in ƙara kawo maka zancen Baba. Shekara ashirin da biyu ina kiyayewa, yau kam sai ka yi haƙuri.

Ka tuna mahaƙar Dutsen Morrow da aka rufe? Wata masaniyar duwatsu, Dakta Lindqvist, tana rubuta tarihinta, ta zo neman tsofaffin hotuna. Mai surutu ce, kafin shayi ya huce ta gaya mini cewa dutsen da muka girma a gindinsa ƙasan teku ne a da can. Jan da muka sani ƙarfe ne. Baƙin nan na gefen yamma kuwa, mai ɓata riga, wani ma'adini ne mai suna manganis, ruwan sama ya tara shi a tsagogin dutse. Na ce mata ai a baƙin rami Baba ya yi shekara tara yana huda dutse.

Sai ta ajiye kofi. Ta ce, "Yaya tafiyarsa take?" Na yi dariyar kunya, na ce a kan yatsun ƙafa, har yaran gari suna kiransa Zakara. Ta ce, "In ya ja da baya yakan faɗi? Yakan yi dariya ba dalili?"

Clarrie, matar nan ba ta taɓa ganin Baba ba, amma ta siffanta shi daidai. Ta ce ƙurar baƙin dutsen ce ke shiga ƙwaƙwalwa ta yi haka, in an huda shi ba ruwa. Na zauna kamar an kwaɗa mini guduma. Tsakani da Allah, ka taɓa jin warin giya a bakinsa? Ni na kwana biyu ina lalube, ban tuna ko sau ɗaya ba. Sau nawa ya rantse mana ba ya sha, muka ce maye ne ke magana?

Gobe zan je wajen tsoho Penhall, abokin aikinsa. Ka gaida Beryl.

Ƙanwarka,
Noelene


Whyalla, 14 ga Maris, 1984

Yayana Clarrie,

Ina gaishe ka, da fatan waccan takardar ta same ka lafiya. Ba ka amsa ba, ban kuma yi mamaki ba, taurin kanka ba sabo ba ne.

Na sami Penhall yana ba kaji hatsi. Da na tambaye shi ko injinsu na huda dutse ba shi da ruwa, sai ya ce, "Ke 'yar Wilf, har yanzu ba ki daina shisshigi ba?" Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa.

Akwai ruwa. Kowane mai inji ana ba shi duro guda a rana don kwantar da ƙura. Amma ka tuna shekarun fari, lokacin da jirgin ƙasa ke kawo wa gari ruwa, kowane gida bokiti huɗu? Mutanen baƙin rami su shida suka haɗa baki, suna rufe famfon inji, su ɗaura ƙyalle a hanci, da yamma kowa ya kai rabonsa gida a ɓoye. Penhall ya ce, "Ƙura ce kawai muka ɗauka, yarinya. Ka yi kaki, ka tofar, shi ke nan." Shi an mayar da shi jan gefe bayan wata biyar. Baba ya ƙi canji, saboda ƙurajen da suka cinye maka jiki, likita ya ce sai wanka kullum.

Wannan ruwan ne, Clarrie. Bahon da ke bayan kicin, kai ka fara shiga, ni in bi, ragowar a zuba wa bishiyar lemon Mama. Ni har faɗa nake yi wai kullum kai ne farko.

Daga can na wuce gidan tsofaffi wajen Baba. Na riƙe hannunsa da ke karkarwa. Ban manta ranar jana'izar Mama ba, da dariyar nan ta ƙwace masa a bakin kabari, ka ture shi ya faɗi, ka ce ba ka da uba. Ba zarginka nake ba, ni ma ban ɗaga shi ba.

Likita ta ce huhunsa ba zai kai hunturu ba. Ya daina gane shekaru, wani lokaci ma Mama yake kirana. Da zan tafi ya daɗe yana kokawa da harshensa, na kai kunne. Tambayar da yake yi kowace yamma in ya shigo ce: "Clarrie ya yi wanka?"

Na ce masa ka yi. Motar da ke tasowa daga wurinku, Adelaide, tana isowa ƙarfe biyu ranar Asabar, zan tsaya a tasha ina jiranka.

Ƙanwarka,
Noelene