Zaman Makokin Tsohon Ɗan Fim

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna, ya mutan Ruwan Bago? An cire gyaɗa? Ni lafiya lau nake a Amurka, kada ku damu.

Tsohon Baturen da nake jinya ya rasu. Fim ɗari biyu ya yi, kullum yana fitowa a matsayin direba ko mai gadi. Kowa ya san fuskarsa, ba wanda ya san sunansa. Mu uku muka binne shi. Na dawo na shimfiɗa darduma a ƙofar gidansa, na zauna kwana uku kamar yadda muke yi a gida. Ko mutum ɗaya bai zo gaisuwa ba.

Yaya, ki riƙa faɗa wa yaranki sunana, kada su san ni a hoto kawai.

Ƙaninki,
Suhaibu