Wayar Tana Bayan Motarmu

Anti mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, kwana shida ke nan ina yawo da abu a aljihu wanda ya fi ƙarfina. Ni mai ɗaukar hoto ne. Shekara tara ina bin ƙungiyoyin agaji ƙasa-ƙasa, in sun gina asibiti ko sun haƙa rijiya in ɗauko musu hoton da za su nuna wa masu ba da tallafi. Wanda ya sa ni a wannan hanya yayan matata ne. Kowa Kifi yake ce masa, saboda aikinsa nutso, shi ke sauka ƙarƙashin ruwa ya gyara injin da ya lalace. Shi ya koya mini nutso da tukunyar iska a baya har na fara ɗaukar hoto a cikin teku. Shekara huɗu da suka wuce, muna can ƙasa sosai, bututun numfashina ya toshe. Idona ya fara duhu. Kifi ya zare nasa daga baki ya cusa mini, muka riƙa karɓa-karɓa har muka fito. Ba don shi ba da yanzu 'ya'yana marayu ne. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka ban san halacci ba.

Makon jiya ni da Kifi muka je buɗe wata rijiyar burtsatse mai aiki da sola, wadda shi ya haɗa injinta. Ƙa'idar aikinmu ita ce a ɗauki hoton wuri kafin a fara da kuma bayan an gama, don haka da sassafe na zagaya ina ɗaukar komai, har motarmu da kayan da ke bayanta. Da hantsi jama'a suka taru da bokitai, aka kunna famfo, shiru. Aka duba, babbar wayar da ke haɗa injin da farantan sola babu ita. Wani ya ce ai mai gadi ne kaɗai ya kwana a wurin. Shi ke nan fa. Dattijo ne siriri mai furfura, yana rantsuwa aka fizge shi daga kan bencinsa. Suka yi ta dukansa da itace da bokitin ƙarfe, ya faɗi cikin taɓo suka bi shi da ƙafa. Kifi ya yi wata uku yana wahalar wannan rijiya, ga manyan baƙi sun zo, kunya ta haukata shi. Ya ɗauko babbar sifanar kwance noti ya sauke wa dattijon a hannu, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ya ƙara masa a gefen fuska.

Ni kuwa me na yi? Hoto na ɗauka, Anti. Guda arba'in da bakwai. Yatsana ya danne maɓalli kamar yadda ya saba, ban ce ko kanzil ba. Tun da na fara aikin nan ake gaya mini mai hoto ba ya sauke kyamara, kuma na riƙe wannan har ya zame mini mafaka. Ina jin ƙyamar kaina.

Yanzu dattijon yana asibiti, hannu a karye, ido ɗaya ya tafi, ga ankwa an ɗaura masa a jikin gado saboda tuhumar sata. Da na zauna tace hotuna sai na buɗe na safe. A bayan motarmu, ƙarƙashin rigar nutson Kifi, ga wayar nan a nannaɗe. Shi da kansa ya cire ta da yammacin jajiberi don ya gyara bakinta, ya manta. Na nuna masa, ina zaton zai fashe da kuka. Sai ya rufe ƙofar ɗakina, ya shaƙe ni da hannu biyu ya haɗa ni da bango har na ga duhun nan irin na ƙarƙashin ruwa. Ya tuna mini wa ya ba ni numfashin da nake yi. Ya zare katin ajiya daga kyamarar ya karya, ya buga ta da ƙasa, ya taka kwamfutata. Abin da bai sani ba shi ne kyamarata kati biyu take ɗauka, kuma na biyun yana aljihuna.

Matata ta ga shatin yatsu a wuyana, na ce mata igiyar kyamara ce. Yayanta ne ya riƙe ta tun mutuwar mahaifinsu, shi ya aurar mini da ita. In na kai wa hukuma katin nan za a ɗaure shi, ƙila aurena ma ya tafi. In na jefa shi a teku, dattijon zai tafi gidan yari da ido ɗaya a kan wayar da bai taɓa ba. Anti, ina zan sa kaina?

Naki cikin damuwa,
Mai Kati Biyu

Ɗana Mai Kati Biyu, sannu da wannan nauyi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba, domin akwai mutum ɗaure a gadon asibiti yayin da muke wannan magana.

Na yarda Kifi ya yi maka abin da ba a mantawa. Na kuma yarda ba da niyyar cutar kowa ya tashi ran nan ba. Mantuwa ce, sai kunya da zafin zuciya suka hau kanta. Amma ka lura da abu ɗaya. Ranar rijiya bai san gaskiya ba. Ranar da ya shaƙe ka ya santa sarai, kuma ya zaɓi dattijon ya ci gaba da zama ɓarawo. Rayuwar da ya ceto taka ce, kana iya saka masa da ƙarfinka da dukiyarka har ƙarshen rayuwa. 'Yancin mai gadi kuwa ba naka ba ne, balle ka biya alheri da shi.

Yau ɗin nan, kafin komai, ka kwafe katin ka ajiye a wurare biyu da ba gidanka ba. Ka samu lauya ka damƙa masa, ka nuna masa wuyanka tun shatin bai ɓace ba. Hoton safe shi ne mai gaggawa, shi zai cire ankwar. Sauran arba'in da bakwai ɗin ma kada ka goge ko ɗaya, kuma kada ka watsa su a waya, ka bar hukuma ta yi aikinta.

Sai matarka. Ka daina yi mata ƙaryar igiya, ba yarinya ba ce. Ka zaunar da ita ta ji daga bakinka kafin ta ji a waje. Za ta yi kuka, ƙila ta yi fushi da kai na wani lokaci, kuma ba zan yi maka alƙawarin komai zai tafi daidai ba. Amma ita da wani babba a danginsu su ne za su iya sa Kifi ya kai kansa da ƙafarsa, wanda shi ya fi masa sauƙi a gaban alƙali. Ka ba su wannan damar, amma kada lauya ya jira su. Kai kuma kada ka sake keɓewa da shi a ɗaki, mutumin da ya shaƙe ka sau ɗaya zai iya sakewa.

Game da shirun da ka yi ranar, ba zan ce ba ka da laifi ba. Wataƙila da ka yi ihu ba za su ji ka ba, wataƙila kuma da idon yana nan. Wannan ya wuce. Ka ce mai hoto ba ya sauke kyamara. To, in haka ne, abu ɗaya kawai da zai wanke ka shi ne hoton ya isa inda zai yi amfani. In ka jefa katin a teku, ka tsaya kallo ne kawai ana dukan tsoho.

Idan an cire ankwar, ka je asibitin hannu sake, babu kyamara a wuya. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaya masa kana wurin, ka nemi gafararsa. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar matarka, ya shiryi Kifi. Kai kuma tashi ka tafi wurin lauya, kwana shida sun isa.

Antinku mai filin shawara