A Hammatar Baba

Saint-Fons, Oktoba 2011

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina hidima da Baba? Yaya ɗiyanki da maigidanki da sauran mutanen Damagaram? Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa. Matata Hamdiya tana gaishe ki.

Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki, kuma ranar ban iya cin abincin rana ba. Kin ce tun da kunnen Baba ya ida mutuwa ya rataye kalangunsa a ƙusa, maganar ma ya daina, sai nuni da hannu. Mutumin da ya tsufa yana yi wa mahauta kiɗa. Mutumin da bai taɓa kiran Inna da baki ba, Allah ya jiƙanta, sai dai daga zaure ya matse kalangu a hammata ya ce Fatsima kawo ruwa, duk unguwa ta ji ta yi dariya. Yaya, abin nan ya tsaya mini a rai.

Na fara neman takardun da zai zo Lyon ya ga likitan kunne. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa, kada ki yi tsaki, zan sake sayen gitar bas, tsohuwa, ƙirar Amurka.

Kin tuna da na zo gida da wadda nake da ita, na jona ta a tsakar gida ina ta ƙwambo? Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce muryarta da kauri amma bebiya ce, gurnani kawai take. Na ji haushi a lokacin, ga shi kuwa gaskiyarsa ce. A wuyan gita akwai ƙananan ƙarafa a gindaye, su ke sa sauti ya riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki. Kalangu kuwa sulalewa yake, ya hau ya gangaro yadda bakin Bahaushe yake yi, shi ya sa yake magana. Akwai bas marar ƙarafan nan, ita nake nema.

Za ki ce kurma zan kaɗa wa? A masana'antarmu toshe kunne muke saboda ƙarar injuna, amma duk da haka ina sanin wanda aka tayar, a haƙarƙarina nake jinsa. Bas ma haka take, jiki take shiga. In kunnen Baba ya ƙi, zan bi ta ƙashinsa.

Ki dafa mini kafaɗarsa ki nuna masa hotona. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Nazir

Sevran, Disamba 2011

Yaya Rakiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya jikin Baba, yana dai cin abinci? Ina rubuto miki ne daga gefen Paris, gidan Abdul'aziz, ɗan Tahouan nan da ke shugabantar ƙungiyar kiɗanmu.

Jiya muka shiga jirgin ƙasa muka sauka unguwar Pigalle a cikin Paris, inda shagunan kayan kiɗa suke jere. Akwai wani tsoho mai suna André da ba ya sayar da komai sai tsofaffin gitoci. Ya sauko mini da wata gitar bas samfurin Jazz Bass ta 1966 yana riƙe da ita kamar jaririya. Ba zan ɓoye miki ba, na so ta. Launinta na gasasshen burodi ne, wuyanta siriri, yatsuna suna gudu a kai ba wahala. Tun ina ɗalibi nake tsayawa a bakin irin shagunan nan ina haɗiyar yawu, yau ga ta a cinyata.

Abdul'aziz har da rantsuwa, wai in na bar ta ban da hankali. Da bazara za mu ɗauki faifanmu na farko, kuma ya ce wannan muryar yake so a ciki. Da na faɗa masa marar ƙarafa nake nema sai ya ɓata rai. Ya ce wannan sai an shekara ana koyo kafin hannu ya daina kuskure, shi kuwa ba zai jira ni ba, akwai wani ɗan Kamaru da ke neman gurbina. Ban ga laifinsa ba, shekara nawa muna mafarkin faifan nan tare.

Sai na rage ƙarar na gwada kiran Inna a kan gitar André. Na gwada, na sake. Sauti mai daɗi ya fito, tsaf-tsaf, amma babu Fatsima a ciki, babu ruwa. Na miƙa wa André kayansa.

Da ya ji abin da nake so sai ya taɓe baki, ya ce akwai wata gwauruwa a Lyon, Madam Bernadette, da ta taɓa yi masa tallar ta mijinta. Ya ƙi saye don marigayin ya sa filaya ya cire ƙarafan da kansa, a wurin masu tara kayan tarihi an ɓata ta ke nan. Ya rubuta mini lambarta yana kallona da tausayi.

Guda ɗaya zan iya saye, kuma na san wadda zan je gani. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Nazir

Saint-Fons, Fabrairu 2012

Yaya Rakiya,

Ina yi miki sallama da fatan kuna lafiya, ke da Baba da yara. Albishirinki, takardun Baba sun fito, sai ki fara haɗa masa kaya masu kauri.

Na kuma sayi gitar. Madam Bernadette tana zaune a saman tudun Croix-Rousse, sai da na yi haki kafin in kai ƙofarta. Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Samfurin Precision ce ta 1972, kuma Yaya, mummuna ce. Fentin ya koɗe inda hannu ke gogawa, ga tabon taba sigari a ka, ga layuka a wuya inda aka cike gurbin ƙarafan da katako. Ban jona ta da lantarki ba. Na toshe kunnuwana da abin wurin aiki, na ɗora haɓata a jikin katakon, na ja babbar tsirkiya na sulale da yatsa. Har cikin haƙorana na ji ta hau ta sauko. Matar ta tsaya tana kallon wannan baƙon da ya kwantar da kai a kan gitar mijinta, ta ce shi ma haka yake yi, sai ta fita ta bar ni.

Abdul'aziz ya ba ɗan Kamarun gurbina. Ya yi mini zafi, na kwana biyu ba na son jin sunan faifan. Amma kullum na taso aiki sai in zauna da gitar. Hamdiya ta ce da farko ta ɗauka saniya aka ɗaure mana a falo, yanzu kuwa ta ce saniyar ta fara shiga makaranta. Shekaranjiya na kira sunanta daga falo, ta leƙo daga madafa ta ce me nake so. Ba ta ma lura ba cewa ba da baki na kira ta ba.

Don Allah ki saka kalangun a cikin kayansa, ko da bai so ba. Allah ya kawo shi lafiya.

Ƙanenki,
Nazir

Saint-Fons, Mayu 2012

Yaya Rakiya,

Gaisuwa da godiya mai yawa, Allah ya saka miki da aljanna kan wahalar da kika sha. Yaya kewar Baba? Ya iso lafiya, ya rame fiye da yadda na zata. Na ga saƙonki cewa ya ciro kalangun daga jaka ya mayar a ƙusa da hannunsa.

Zan fara da marar daɗi. Likita ya duba, ya ce jijiyar ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita a shekarunsa. Baba ya karanta a fuskata, ya gyaɗa kai, muka dawo gida a motar bas ba wanda ya dubi wani.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ɗauko gitar. Yana ganinta ya kawar da kai. Na durƙusa a gabansa na nuna masa ya ɗora haɓa a katakon, ya ƙi. Na yi ta nuni, shi kuma yana kallon taga. Can sai ya fizge ta, ina tsammanin ture ta zai yi, sai na ga ya ɗaga hannun hagu ya cusa jikinta a hammata, daidai inda kalangu ke zama, ya matse. Wuyan ya miƙo wajena. Na kama, na kaɗa na kira shi: Baba.

Ya dube ni. Na sake. Ya ɗaure fuska, ya yi gyaran murya, muryar ta fito a dushe da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Baaba ka ce. Ni gwaggonka ce?"

Yaya, tsoro ya sa na juya kiran. Na uba daga ƙasa yake hawa, ni kuwa na fara daga sama na gangaro, na kira shi da sunan mata. Hamdiya ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Baba ya kama yatsana ya ja shi baya a kan wuyan, ya tura shi gaba, ya ce haka ake yi, sake. Na sake har sai da ya ce to.

Daga nan ya ƙara matse ta, ya rufe ido, ya ce in kira masa ita. Na san wa yake nufi. Na kaɗa Fatsima kawo ruwa, a hankali, kuma wannan karon ban yi kuskure ba. Ya cire hularsa ya goge fuska. Ya daɗe bai saki gitar ba.

Tun ranar bakinsa bai huta ba. Ya ce miyar Hamdiya ba gishiri, ya ce Turawa ba su iya yankan nama ba, ya ce gitata har yanzu tana da in'ina amma za ta gyaru in na daina gaggawa. Kullum da yamma sai ya ɗaga hammata ya ce in kawo.

Yanzu ga saƙonsa, shi ya tsaya a kaina sai na rubuta. Youssouf ɗan maƙwabcinmu na Damagaram zai taso zuwa Lyon ƙarshen wata. Baba ya ce ki sauko da kalangun daga ƙusa, ki kai a sake masa fata, ki ba shi ya taho da shi. Ya ce ba zai zauna yaro yana ta yi masa magana shi ba abin mayar da amsa ba.

Ki gaida ɗiyanki da maigidanki. Allah ya bar mu tare.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Nazir