Hannun da Ya Taɓa Ƙasa

Tawa, ranar Lahadi, cikin bazarar 1996

Zuwa ga Zalika, ɗiyar Ciɗo na Barmu,

Ya ke ruwan farko da manomi ke ɗaga kai yana jira, inuwar gawo a tsakiyar rani, farin watan da ke fito da yara da manya ƙofar gida! Zalika, sanyin idona, hasken zuciyata, gaisuwa gare ki mai yawa kamar gero a shekarar albarka. Ina fata kina lafiya, da ke da Baba da Inna. Ni ne Alƙasum na Bambeye, wanda ya ɓace miki tun bayan kaka, ba sallama ba aike. Don girman Allah kada ki yage takardar nan kafin ki kai ƙarshenta. In kin gama, ki yi mata abin da kika ga dama.

Kin san ranar da ta raba ni da ke, amma bari in faɗe ta da bakina, don tun da ta faru ban iya ambatonta ga kowa ba. Ranar da aka taru a filin kokowa don zaɓen waɗanda za su tsaya wa Tawa a gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi. Kina ɓangaren mata da shuɗin mayafinki, mahaifinki yana cikin dattawa, shi da a zamaninsa makaɗa kan gaji da kiran sunansa. Na shiga fili ina kirari, layuna na kaɗawa, ina jin duk ƙasarmu ta Adar ba mai ja da ni, don na san idonki na kaina. Kafin ganga ta yi zafi, ɗan kokowar Tabaram ya fizgo ni, ƙafata ta zame, tafin hannuna ya dafa rairayi. Ba bayana ba, Zalika, ba ma gwiwata ba. Tafin hannu kawai! Amma dokar fili doka ce, wanda hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Alƙali ya busa usur, makaɗa suka juya kiɗa zuwa sunan wani, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fita ta bayan fili ban waiwaya ba.

Tun daga ranar na daina bin layin gidan bidiyon Abdu, inda kike zama da farantin gyaɗarki. In na hango shuɗin mayafi a kasuwa, ko ba naki ba ne, sai in canza hanya. Da wane ido zan dube ki? Da wane baki zan gaishe da Ciɗo? Daga ƙarshe na yi abin da samarin Adar suka saba in duniya ta yi musu ƙunci: na kama wuri a kamyo, babbar motar kaya da ke zuwa Abijan, na ɗora jakata, aka ce yau Lahadi in kasuwa ta fara watsewa za a tashi. Na yanke ba zan dawo ba sai an manta da sunana.

Amma zuciya ba ta da ƙashi. Jiya bayan la'asar ta ce mini sai na gan ki, ko sau ɗaya, ko daga nesa. Na naɗa rawani har bisa hanci kamar mutumin arewa, na kutsa cikin cunkoson masu shiga kallo, na wuce ta gabanki kaina a ƙasa. Ƙamshin gyaɗarki ya bi ni har ciki! Na zauna can baya jikin zana, daidai inda na san kina leƙe ta wata 'yar kafa in ciniki ya lafa. Tsakanina da ke zana ce kawai, amma ji nake kamar daga nan zuwa bakin teku.

Sai Abdu ya sa kaset. Wayyo Allah, Zalika, ke ma kin gani, amma bari in gaya miki yadda ni na gani! 'Yan sanda biyu aka haɗa aiki ɗaya, su kamo ɓarayin da suka kwashe magungunan wani asibiti. Ɗaya gajere ne, mutumin ƙasar Sin, ba ya son magana. Ɗayan dogo, baƙi kamarmu, ɗan Amirka, bakinsa ba ya rufuwa ko ana harbi. Da farko ba sa ga maciji da juna, kowa na ganin an haɗa shi da wahala. Amma gajeren nan, subhanallahi! Ya hau bango kamar ƙadangare, ya bi ta ƙarƙashin tebur ya ɓullo ta sama, ya yi faɗa da benci, ya yi faɗa da bokiti, har rigarsa ya tuɓe ya ɗaure hannun ƙato da ita. Tun ina yaro nake kokowa, ban san Allah ya ajiye irin wannan a jikin ɗan Adam ba. Na manta da rawanina, na manta da kamyo, bakina a sake. Can ƙarshe ɓarayi suka ɗaure dogon a cikin wani sito suka cinna wuta. Gajeren suka jefo shi daga saman bene, ya tashi, suka sake make shi, ya sake tashi, jini na zuba a goshinsa, ya faɗa cikin hayaƙi ya fito da abokinsa a kafaɗa. Ɗakin nan ya ɗauki ihu har zana na girgiza.

Abdu ya kashe tele, amma ba wanda ya motsa. Kin san tun da dimokuraɗiyya ta zo garin nan kowa ya yi baki, albashi ne dai ba ya zuwa. Nan take ɗaki ya rabu kamar taron jam'iyyu. Attaher mai sayar da raƙuma ya rantse gajeren na da asiri, ya ce ba mai hawa bango haka sai da laya, kuma shi ya hango wani abu ɗaure a damtsensa. Abdu ya ce ba laya ba ce, igiya ce ake ɗaura musu a ja su sama, aka yi masa ca, aka ce in igiya ce shi ma a ɗaura masa ya hau katangar masallaci mu gani. Masu tura amalanke suka ce dogon ba ɗan sanda ba ne sam, maroƙin gajeren ne, don duk faɗan da aka yi shi kirari kawai yake zubawa a gefe, kuma kowane ɗan kokowa na kirki da maroƙinsa yake yawo. Malam Nafi'u, malamin lakwal, makarantar boko, da ke yajin aiki, ya yi ta bayani cewa su biyun daidai suke a wurin aiki, ba mai saurarensa. Wani ya ce ina aka taɓa ganin ɗan sanda ba kaki ba hula ba usur? Wani tsoho kuma abin da ya dame shi duka shi ne kwanukan abincin da aka zubar wurin faɗa, a wannan tsadar.

Ana cikin haka sai na ji gyaran muryar da na sani. Ashe mahaifinki na bencin gaba, Abdu ne ya gayyato shi ya ga kokowar mutanen Sin. Baba ya juyo ya dubi ɗaki. Ya ce:

"Wanga ɗan Sin, tun karon farko yaf faɗi. Hannunai ya taɓa ƙasa, da idona nag gani. Abin da yab biyo baya duk tsalle-tsalle na."

Samari suka ce ba su yarda ba, dattawa suka ce Ciɗo ba ya faɗin abin da bai gani ba. Aka tilasta wa Abdu ya mayar da kaset baya. Ga shi kuwa, gani ya kori ji: a faɗan farko, wurin wata alkahura, tafin hannunsa ya dafa ƙasa. Ɗaki ya ɗauka, ya faɗi, ya faɗi! Waɗanda ɗazu ke masa ihu su ne suka fara cewa dama sun ga alama ba shi da ƙarfin ƙugu. Ni kuwa a bayan ɗaki na dunƙule hannuna cikin riga, ina jin kamar sunana ake kira.

A nan ne kika ɗaga gefen zana, Zalika. Hasken yamma ya shigo tare da ke. Kika durƙusa da farantinki kamar yadda ɗiya ke yi gaban mahaifinta, ba ki ɗaga murya ba, kika ce:

"Gaskiyarka, Baba, hannunsa ya taɓa ƙasa. Amma da ya ji kunya ya tafi tun lokacin, da wancan da ke jiransa cikin wuta ya ƙone."

Kuma ba Baba kike kallo ba. Idonki ya tsallake kawunan mutane, ya zo can baya, ya tsaya a kan rawanina.

Allahu akbar! Na ga ƙarti sun ɗaga ƙarti sun maka da ƙasa, na ga hadari ya taso daga gabas ya mayar da rana dare, na ga ɗan Sin ya hau bango, amma wallahi ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar 'yan kalmomin nan ba. Wa ya koya miki wannan? A wace makaranta? Maza cike da ɗaki, masu gemu da masu karatu, kowa ya zuba ido a kan hannu da ƙasa, ke kaɗai ta 'yar kafar zana kika hango mai jira. Ɗakin da ɗazu ba a jin maganar kowa ya koma har kukan tele da aka bari a kunne ana ji. Mahaifinki ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yi dariya ya ce yau ɗiyarsa ta kada shi gaban jama'a, kuma ba zai ɗaukaka ƙara ba. Kika sauke zana kika koma wurin gyaɗarki kamar ba ke kika yi ba.

Yaya aka yi kika gane ni, ya ke zumar da ba ta gundura? Tafiyata ce, ko waɗannan ƙafafun nawa masu kama da faifai? Ni da nake ganin na ɓuya! Na fita, na je bakin tabki na zauna har aka kira magariba. A can ne abin ya sauko mini. Duk watannin nan kaina kawai nake tausayi. Ban taɓa tambayar kaina yadda kike zama a bakin hanya ba, samari na wucewa suna tambayarki ina zakaranki ya shiga, ƙawaye na kallonki ta wutsiyar ido, ke kuma ba ki da amsa don ban bar miki ko ɗaya ba. Ni aka kada, amma ke aka bari a fili. Da na tuna haka, Zalika, na yi kuka, ni Alƙasum, da gemuna.

Yau da safe na je tasha na hau saman kamyo na sauke jakata. Direba ya zazzage ni tas, ya ce Adarawa ba su san abin da suke so ba, na ce ya yi haƙuri, ni yanzu na sani. Ɗazu bayan azahar motar ta tashi. Ina tsaye ina kallonta har ta sha kwana.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tauraruwata. Ba ni da takobi, wataƙila ba zan taɓa riƙe shi ba. Abin da nake da shi gona ce a Bambeye wadda bara ba ta cika rumbu ba, da jaki ɗaya, da hannuwan nan biyu da kika ga iyakarsu. Zan koma fili in kaka ta yi, kuma mai yiwuwa a sake kada ni, don gaba da gabanta. Alkawarin da zan iya ɗauka shi ne ko sau nawa na faɗi, a fili ko a gona ko a zaman duniya, wurinki zan fara dubawa in na tashi, ba ƙofar baya ba.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da kawuna mu gaishe da Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan je ba rawani, ba laya, ba maroƙi, in durƙusa gaban mutumin da ya ga faɗuwata da idonsa, in ce masa ɗiyarsa nake so. Tsoronsa nake ji fiye da duk ƙartin da na taɓa kamawa.

Abu ɗaya nake roƙonki, ya ke sanyin asubahin bazara. In maganarki ta jiya a kan ɗan Sin kawai ta tsaya, in kallon nan ni ne na ƙirƙira shi don tsananin bege, ki aiko ƙanwarki Kaltumi ta gaya mini kafin Juma'a, kada in kunyata kawuna. Ba zan ga laifinki ba, ni na fara tafiya. Ina kwana a shagon Attaher, bayan kasuwar dabbobi. Daga yau har Alhamis duk takun da na ji a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi, ina roƙon Allah kada ya zama nata. In kuwa Juma'a ta waye ba wanda ya zo, shirunki ya ishe ni amsa.

Naki ne ni, a tsaye ko a ƙasa, a shekarar ƙoshi ko ta fari, har ranar da za a kwantar da ni inda ba mai tashi sai da izinin Mai Sama.

Alƙasum na Bambeye