Ni Kaɗai Kuka Gaya wa Cewa Inna Ba Za Ta Tashi Ba

Zuwa ga Shugaban gidan jinyar masu ciwon da ya gagari magani, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, sunana Laminu, ina tsaron sito a kasuwar hatsi. Mahaifiyata, Inna Hajara ta Jiratawa, tana kwance wurinku mako biyar ke nan. Sau uku ina rubuta takardar nan ina yagawa. Na saba rubuta abin da ya same ni kullum a littafi, daga ciki na tsamo waɗannan.

1. Ba ni da kuka a kan jinya. Ana ba ta maganin zafi a kan lokaci, ana juya ta, ana mata wanka. Allah ya saka.

2. Ranar Talata ta mako na biyu, majo, babban ma'aikacin jinyarku, ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya gaya mini da Faransanci cewa ciwon ya kama hanta, saura makonni. Ya zaɓe ni ne don ni na yi lakkwal, wato makarantar boko. Amma ni ne auta. A gidanmu ƙarami ba ya kai wa babba irin wannan labari. Na gwada sau ɗaya a bakin kanal, wana Habu, babbanmu, yana ban ruwa. Ya dube ni ya ce ko lakkwal ce ta koya mini sanin gaibu, in daina yi wa uwarmu mugun baki. Na hau kabu-kabu na dawo.

3. Tun ranar, duk wanda ya ce yaya mai jiki, sai in ce da sauƙi. Yaya Habu har ya gyara mata fegin zogalenta, yana jiran ta dawo ta tsinka.

4. Ga abin da ya fi ci mini rai. Inna tana da ƙanwa a Tsibiri, Iya Mariya. Shekara tara ba sa magana. Kullum Inna cewa take in ta samu sauƙi za ta je da ƙafarta su yafi juna. Iya Mariya kuma ba za ta zo ba sai an aika, kuma babban ɗa ne mai aikawa. Ke nan sauƙin da nake ƙarya da shi ne ya tsaya tsakaninsu.

5. Na je taron da kuka yi a Tsibiri, inda kuka ce jama'a su daina ɓoye maganar mutuwa. Na tafa tare da kowa. Amma da na roƙi majo, har sau biyu, ya zauna da yayyena, sai ya ce ƙa'ida ita ce a gaya wa mutum guda, wanda sunansa ke kan takarda. Kun koya mana a yi magana, ba ku tambaye mu wa ke da bakin yin ta ba.

Wataƙila tsoro ne ya yi mini yawa. Na rubuta haka a littafina, ban soke ba. Amma ina roƙon abu biyu. A tura majo tare da limami su je Jiratawa kafin Juma'a, su zauna kan tabarma da Yaya Habu. Sannan nan gaba a riƙa tambayar kowane gida wane ne babba, ba wane ne ke jin Faransanci ba.

Yau da safe Inna ta tambaye ni me likita ya ce. Na ce da sauƙi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to, sai Mariya ta ƙara jira kaɗan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo, ya sa in naka lokacin ya zo ka samu mai gaya maka gaskiya.

Wassalam.

Laminu, autan Inna Hajara.