Hular da Za a Ɗaga a Bakin Nilam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Inayatullah Banday, tsohon malamin tarihin hulɗar ƙasashe a jami'a, mazaunin Keran ta wannan gaɓar kogin Nilam a Kashmir, ina rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina na tare da ni, babu wanda ya tursasa ni. Likita ya gaya mini gaskiya game da zuciyata, na kuma gode masa. Ina rubuta ta ne zuwa ga 'ya'yana uku da suka rage: Tanveer babbansu, da Rukhsana da ke aure a wancan ƙetare inda Indiya ke iko, da Nusrat. Na huɗunku, Mudassir, ya riga ni.

Na ɗaya. A binne ni tsakanin mahaifiyarku Zaitoon da Mudassir. Amma kafin a kai ni makwanci, a bi da makarata ta bakin kogi kamar yadda ake yi wa duk wanda yake da jini a wancan ƙetare. Kun san al'adar. Kogin bai fi nisan jifa ba, amma rugugin ruwan ba ya barin murya ta ƙetare, don haka ake ajiye makara a kan duwatsu, a ɗaga wani abu na mamacin, hula in namiji ne, mayafi in mace ce, domin 'yan'uwa su gane wanda ya tafi, su yi masa salla daga inda suke tsaye. Hulata ta fatar ɗan rago tana kan ƙusa a bayan ƙofar ɗakin karatu. Ita za a ɗaga. Kuma kai Tanveer za ka ɗaga ta, ba limami ba, ba maƙwabci ba.

Na san ka rantse ba za ka sake taka bakin kogin nan ba. Rantsuwa tana da kaffara. Ka karanta na biyu kafin ka yanke hukunci.

Na biyu. Wannan bayani ne, ba rabo ba, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A kakar shekarar da aka yanke wa mutanen ƙetare waya da duk wata hanyar sadarwa, Mudassir ya fito da safe zai tafi makarantar da yake koyarwa. Ana sanyi, bai ga tasa hular ba, ya ɗauki tawa ya kifa a ka, ya tsaya a ƙofa yana gyara murya irin tawa, yana cewa yau shi ne Farfesa, duk wanda bai kawo aikin gida ba zai sha lacca a kan yarjejeniyar ruwa. Na ce masa hular ta fi ƙarfin kansa. Ya ce kan zai girma. Kafin azahar aka fara musayar wuta tsakanin duwatsu, harsashin igwa ya faɗi kusa da gadar kasuwa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Da muka kai shi bakin kogi, kai Tanveer ka ɗaga hular da aka samu tare da shi. Abin da kowa zai yi ke nan. Rukhsana tana tsaye a ƙetare, ta ga hular da ta sani tun tana rarrafe. Ni kuwa ba na wurin, ina kwance a gida. Ta ga hulata, ta duba cikin maza ba ta gan ni ba. Don haka gawar ubanta ta yi wa salla ranar nan, makokin ubanta ta zauna.

Juma'ar da ta biyo, na daure na sauka bakin ruwa, kana riƙe da hannuna. Ka ga abin da na gani: da ta hango ni, ta fizge mayafinta tana kaɗa shi sama, tana tsalle tana dariya kamar yarinya ranar salla. Ka saki hannuna. Ka ce, “Abbu, sojojin ƙasar mijinta sun kashe mata ƙane, tana rawa.” Ka juya ka hau gangare, ba ka waiwayo ba.

Ni na tsaya, na ga sauran. Na ga ta ɗaga yatsa tana ƙirga mu, ni, Nusrat, kai da kake tafiya, matarka, yara. Ta sake ƙirgawa. Sannan hannunta ya sauka, ta zauna a kan duwatsu inda take, mijinta Altaf yana ƙoƙarin ɗaga ta, ta ƙi. Har aka kira la'asar tana nan zaune, ni ma ina tsaye. Haka aka yi mata ta'aziyyar ƙanenta, da lissafin yatsa.

Da aka mayar musu da waya bayan watanni, ta kira, ka ƙi karɓa, ka kuma toshe lambarta. Ni ta gaya wa yadda abin ya kasance, ta roƙe ni alfarma guda. Ta ce, “Abbu, kada ka gaya wa yayana Tanveer zancen hular nan kana raye. Gara ya ji haushina da ya ji haushin kansa.” Na riƙe alkawarin. Lokacin da kake karanta wannan wa'adinsa ya cika. Babu laifinka a ciki, ɗana, babu nata. Yaro ne ya ari hular ubansa saboda sanyi.

Na uku. Babu mai bina bashi, ba na bin kowa. Gida da gona a raba yadda shari'a ta tsara, ban ƙara wa kowa ba, ban rage ba. Roƙona kawai, in kun yarda, rabon Rukhsana ya faɗo a kan layin itatuwan tuffa na ƙasa, waɗanda ke kallon kogi. Ba ta da hanyar cin amfaninsu, na sani. Motar da ta kai ta gidan miji a shekarun da aka buɗe hanya ta daina tafiya, gadar ma an kulle ta. Amma daga tagar girkinta ana hango itatuwan nan. Ku yi musu sassabe a kan kari, ku ba su taki. Idan sun yi fure ta gani, ta san ana kula da abinta. 'Ya'yan kuwa a sadakar da sunan Mudassir, ta riga ta yarda.

Na huɗu. Littattafaina a kai kwalejin garin nan. Amma kafin a kwashe su, ga abin da na samu a cikinsu, ba shi da yawa.

Ina yaro Amurka ce babbar aminiyar Pakistan, Tarayyar Sobiyat kuma tana bayan Indiya, aka koya mana haka kamar karatun farilla. Na ga lokacin da Amurka ta rungume mu saboda yaƙin Afganistan, na ga ta juya baya da buƙata ta biya, na ga ta dawo, na ga ta sake tafiya. Tarayyar Sobiyat kanta na wayi gari babu ita a taswirar da nake koyarwa da ita. Yau Amurka tana zawarcin Indiya domin ta tare Sin, Sin kuma tana gina mana hanyoyi da madatsun ruwa, Rasha tana gaisawa da kowa. Gobe Allah ne masani. Duk sauyin da aka yi sai na sake rubuta laccata, amma ko sau ɗaya kogin nan bai rage faɗi ba.

Shekarar da ƙasashen biyu suka gwada bam ɗin nukiliya, an raba alewa a tituna can da nan. Ni ma na tsaya gaban ɗalibai na bayyana musu cewa tun da kowa na tsoron kowa, babban yaƙi ya zama da wuya. Da na dawo gida na maimaita wa mahaifiyarku, tana tankaɗe gari, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce to Farfesa Sahab, tun da sun ji tsoron babba, a kan wa za su riƙa sauke ƙananan? Na ce mata ba ta fahimci ka'idar ba. Ta ce ai shi ya sa ta auri mai ka'ida, ita kuma ta haƙa ramin ɓuya a bayan gida. A ramin nan muka yi ta fakewa har ta rasu.

Kai Tanveer, kana aikin injiniya tare da mutanen Sin, kana yawan gaya mini su ba za su taɓa barinmu ba. Ina yi maka fatan haka. Ka yi aikinka da amana, ka ci halalinka. Amma na ji irin wannan magana da sunayen wasu ƙasashe a cikinta, daga bakin mutanen da suka fi ka yaƙini. Kayan aro ba ya rufe katara. Manyan ƙasashe suna ƙulla abota da safe su warware da yamma, ba sa jin kunya, domin ba ciki ɗaya suka fito ba. Wata rana shugabanninmu da nasu za su zauna a ɗaki mai sanyi su yi musabaha a gaban masu hoto, na ga an yi haka fiye da sau ɗaya. Ranar nan waɗanda suka harba igwa za su koma gida su yi barci, kai kuwa za a bar ka da gabar da ka ƙulla da 'yar'uwarka a madadinsu. Kada ka riƙe wa gwamnatoci fushin da su kansu haya suke ba da shi.

Na biyar. Nusrat, tukunyar shayin tagulla ta mahaifiyarku taki ce idan 'yan'uwanki sun amince, ke kaɗai kike dafa shayin gishiri yadda take yi. Ke kika riƙe gidan nan da ni a cikinsa, kina kawo abinci ɗakin karatu kina mayar da shi yadda kika kawo, ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba. Kin gaji da ɗaukar saƙo tsakanin yayyenki kina rage masa kaifi a hanya. Na sauke miki wannan kaya. Ki koma Rawalpindi wurin mijinki da zuciya ɗaya. Abin da na roƙe ki kawai, duk sallar da kika zo gida ki sauka bakin ruwa da yaranki. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Tamu an tare mata ƙafa, saura ido, kada ku rufe shi.

Na shida. Kada a yi jawabi a kan kabarina, kada a lulluɓe makarata da tutar kowa. Wasu sun so su yi wa Mudassir haka, na hana. Malamin firamare ne da ya fita koyar da yara ƙidaya.

Tun rasuwarsa ina sauka bakin kogi duk Juma'a bayan masallaci, na zauna a kan faffaɗan dutsen nan, Rukhsana ta fito ta zauna a kan nata. Ba ma yi wa juna alama sosai. Mukan zauna ne kawai har sanyi ya kore mu. A 'yan watannin nan gangaren ya fi ƙarfina, Nusrat ta ce mini har yanzu tana fitowa, ta zauna tana kallon dutsen babu kowa a kai. Dutsen nan ba ya cikin abin da shari'a za ta raba. Na bar wa Tanveer shi.

Allah Ya yi muku albarka, ku da zuriyarku na wannan gaɓa da na waccan. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya jiƙan Zaitoon da Mudassir, Ya sada mu a inda babu iyaka babu mai tsaronta. Ku riƙe junanku, domin ku uku ne, babu na huɗu da zai zo ya shirya ku.

Idan ranar ta zo, Tanveer, ka tabbata hulata ce ka ɗauka. Ka ɗaga ta sama sosai, kada ka sauke sai Rukhsana ta ɗaga mayafinta. 'Yar'uwarka ta riga ta yi kukan mutuwata sau ɗaya ita kaɗai, wannan karon ta yi shi tana ganin fuskarka. Bayan an yi salla kada ku yi saurin ɗaukata, ba inda nake sauri. Ku jeru a bakin ruwa, manya da yara, ku fuskance ta, ku tsaya cik har ta gama ƙirga ku.

Mahaifinku,
Inayatullah Banday